SOLOMON LINDA DA SULE GOMA

Tun zamanin kakanni waƙa a bakin mai ita ta ke zaune. In sarki ya yi marmarinta, sai ya aika a kirawo makaɗi. In attajiri zai aurar da 'ya, sai ya tanadi abin da zai ba maroƙa tun ba a sa rana ba. Makaɗi ya zo da 'yan amshinsa, ya yi waƙa, a ba shi riga ko doki ko kuɗi, ya koma gida da abin da ya samu, waƙarsa kuwa ta bi shi. Ko an yi masa rowa, hasararsa ta yini ɗaya ce kurum, gama gobe in an so ji dole a sake nemansa. Da garmaho ya zo duniya, sai ya raba waƙa da bakin mai ita. Mutum ya rera sau ɗaya a gaban na'ura, a buga muryarsa a faifai dubu, fayafayan nan su yi ta waƙa a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba, yana barci suna yi, ya mutu suna yi. To, kuɗin da faifai ya jawo na wane ne? Mai murya ya ce nasa ne, mai na'ura ya ce nasa ne. Yau shekara ɗari ke nan da ɗoriya a ke wannan jayayya tsakanin mawaƙa da manyan kamfanonin faifai, kuma da wuya a sami inda ta fito fili kamar a labarin wani mutum na ƙabilar Zulu a Afirka ta Kudu, wanda a ke kira Solomon Linda.

An haifi Linda a cikin shekarar 1909 a ƙasar Msinga, kusa da wani ɗan gari wai shi Pomeroy, cikin lardin Natal. Ƙasa ce ta duwatsu da fari, arzikin mutanenta shanu. Yana ɗan shekara 4 Turawan da ke mulki suka kafa dokar ƙasa ta 1913, wadda ta keɓe wa baƙar fata wajen kashi 7 cikin 100 na filin ƙasarsu, sauran kuwa ta hana su saye. Gona ta yi kaɗan, ga haraji, saboda haka samari suka riƙa kwarara zuwa Johannesburg, birnin da ya tashi a kan ramukan zinariya tun 1886. Linda ya taɓa karatu a makarantar mishan ta Gordon Memorial, inda ya ji waƙoƙin coci irin na Turawa masu murya huɗu, ya haɗa su a kunnensa da waƙoƙin biki na mutanensa. A cikin 1931 shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa ya tafi birni. Ya yi aiki a wani kantin kujeru da gadaje, daga baya ya koma babban otal ɗin nan na Carlton.

Zaman baƙin mutum a Johannesburg a zamanin nan zaman ɗar-ɗar ne. Ba ya yawo sai da takardar izni a aljihu, in ɗan sanda ya tare shi babu ita sai gidan yari. Yawancin 'yan ƙodago a bariki su ke kwana, maza zalla, matansu da 'ya'yansu na can ƙauye. Abin da ke ɗebe musu kewa shi ne daren Asabar, sa'ad da ƙungiyoyin mawaƙa kan taru a wani zaure su yi gasa har gari ya waye, ba kalangu ba garaya, murya kaɗai da takun ƙafa. Linda ya haɗa tasa ƙungiya da abokan ƙuruciyarsa, su shida, suna amsa sunan Evening Birds, watau tsuntsayen maraice. Ya sa mutum uku a babbar murya mai kauri, abin da ya ba amshinsu nauyi kamar rugugin hadari, shi kuwa dogo ne ƙwarai, amma sai ya hau can bisansu da wata siririyar murya kamar ta mace. Sukan fito da kwat masu zane-zane, da huluna masu malfa, da takalma masu launi biyu. Mutumin da ya wuni yana wanke kwanukan wani, da dare sai ga shi tsaf kamar babban akawu, mata na yi masa guɗa.

A cikin birnin nan akwai wani Bature, Eric Gallo, wanda ya fara da kantin sayar da fayafayai a 1926, daga baya ya kafa ɗakin ɗaukar murya. Yana da wani ma'aikaci baƙar fata, Griffiths Motsieloa, wanda aikinsa ya bi zauruka yana sauraro, in ya ji masu murya ya kawo su. Shi ya kawo su Linda. Ɗaukar murya a lokacin ba irin ta yanzu ba ce da a ke yi a goge a sake. Allura ce ke yanka muryar a kan faifan kakin zuma, minti uku ko abin da ya yi kusa da haka, in an yi kuskure faifan ya ɓaci. Ran nan a cikin 1939 suka tsaya gaban na'ura, aka haɗa su da waɗansu makaɗa, suka fara wata waƙa mai 'yan kalmomi kaɗan, sunanta Mbube, watau zaki da harshen Zulu. Suka yi ta fari ba ta yi ba, suka yi ta biyu haka nan. A ta uku, ana gab da ƙarewa, 'yan amshi na ta rugugi a ƙasa, sai Linda ya buɗe baki ya zubo wani ɗan gajeren kari wanda bai shirya ba, abin da bai wuce numfashi biyu ba. Wannan ɗan karin shi ne yau yaro a Japan da tsohuwa a Faransa za su iya yi da fito, ko da ba su san inda Natal ta ke ba.

Aka sallame su da 'yan kuɗi a hannu, yadda aka saba yi wa mawaƙa baƙar fata, gama ba a yanka musu kaso daga cinikin faifai. Aka ɗora faifan kakin a jirgin ruwa zuwa Ingila, can aka buga shi da yawa aka komo da shi. Ya yi kasuwa irin wadda ba a zata ba. Kafin shekara goma ta cika an sayar da wajen faifai 100,000, a ƙasar da masu sayen talakawa ne, garmaho ɗaya na yi wa unguwa guda aiki. Sunan waƙar ya zama sunan salon gaba ɗaya, kowace ƙungiya da ke irin wannan rerawa aka ce tana yin mbube, kuma daga wannan tushe ne salon isicathamiya ya girma, wanda Ladysmith Black Mambazo suka kai wa duniya. Linda ya zama sarkin zaurukan daren Asabar. Da rana kuwa yana ma'aikatar Gallo, an ba shi aikin shirya fayafayai cikin kwali. Ba mamaki nasa ma sun bi ta hannunsa.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san cewa a wurin lauyoyin Turawa kowace waƙa dukiya biyu ce. Ta ɗaya ita ce muryar da aka ɗauka, watau faifan asali, wanda galibi kamfanin da ya biya kuɗin ɗauka ke riƙewa. Ta biyu ita ce waƙar kanta, karinta da kalmominta, wadda ta ke ta wanda ya ƙago ta. Ta biyun nan ita ce saniyar tatsa. Duk wanda ya sake rera waƙar a nasa faifai, duk gidan rediyon da ya sa ta, duk mai sinima ko mai talla da ya ɗauke ta, sai ya biya la'ada, a tara, a raba tsakanin wanda ya ƙaga da dillalin da ya yi rajistarta. Dillalan nan kamfanoni ne masu zaman kansu, ba sa waƙa ba sa kiɗa, takarda kawai su ke riƙewa. Wanda sunansa ke kan takardar shi ke ci, ko da bai taɓa buɗe baki ya yi amshi ba.

Wajen 1950 waɗansu fayafayai na Afirka suka isa ofishin kamfanin Decca a New York, da fatan ko za a sayar da su a Amurka. Ba wanda ya kula da su sai Alan Lomax, wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, wanda ya kwashe su ya kai wa abokinsa Pete Seeger na ƙungiyar Weavers. Seeger ya ji Mbube ta kama shi. Ya zauna ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi, da ya ke kuwa ba ya jin harshen Zulu, kalmar amshin ta karkace masa, ya rubuta Wimoweh, kalmar da ba ta da ma'ana a kowane harshe. Weavers suka ɗauke ta a Decca tare da makaɗan Gordon Jenkins, ta yi tashe a Amurka a 1952. A kan faifan, inda a ke rubuta sunan mai waƙa, aka sa Paul Campbell. To, babu wani mutum mai wannan suna a cikin zancen. Suna ne na aro da su Weavers da dillalansu kan liƙa wa tsofaffin waƙoƙin da ba a san mai su ba, don la'adar ta sami aljihun shiga. An ɗauka waƙar baƙar fata daga Afirka tsintuwa ce, kamar kanya a daji, alhali mai ita na nan da ransa, sunansa ma a rubuce ya ke a kan faifan da aka kwaikwaya.

Kamfanin Gallo ya ji labari, ya yi magana da dillalan Amurka, watau kamfanin Folkways na Howard Richmond, suka shirya tsakaninsu: Amurkawa su riƙe Wimoweh, Gallo ya riƙa karɓar abin da ta jawo a kudancin Afirka. A cikin shekarar nan ta 1952 aka kawo wa Linda takarda ya sa hannu, cewa ya sallama wa Gallo haƙƙinsa na Mbube a duk duniya. Kuɗin da aka rubuta a takardar sule goma ne.

Dattawan da suka yi zamani da fam da sule sun san abin da sule goma ta ke, rabin fam ce, kwabo 120. Da a ce kwabo ɗaya tak aka yanka masa a kan kowane faifai daga cikin 100,000 ɗin nan na gida, da ya tashi da fam 416 da sule 13 da kwabo 4, tun ba a yi zancen Amurka ba. In aka raba sule gomar a kan fayafayan, kowane kwabo ya tsaya a madadin faifai fiye da 800.

Masu kare kamfani suna da abin faɗi, kuma ba daidai ba ne a toshe kunne. Sun ce Gallo ne ya sayi na'ura, ya biya kakin, ya biya jirgi, ya ɗauki kasadar fayafayai da yawa waɗanda suka kwanta a kanti ba mai saye, kuma mawaƙan da nasu bai yi kasuwa ba ba wanda ya ce su maido da abin da aka ba su. Sun ce da ba don na'urar ba, da ɗan karin nan ya bi iska a daren da aka yi shi. Duk wannan gaskiya ne. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da hana sayar da ɗan da ke cikin saniya, domin mai sayarwa bai san abin da ya ke sayarwa ba. Na Linda ya fi wannan muni, gama a 1952 saniyar ta riga ta haihu a New York, mai saye ya sani. Ga shi kuma ma'aikaci ne a gidan mai sayen, abincinsa a hannunsa ya ke, a ƙasar da shekara huɗu kafin nan ta mai da wariyar launin fata ta zama tsarin mulki. Wanda bai da ikon cewa a'a, amincewarsa ba ta da nauyin da lauya ke ɗora mata.

Seeger dai, a yi masa adalci, da ya san akwai mai waƙar ya aika masa da dala 1,000, ya kuma ce a riƙa tura masa nasa kason. Ya yarda da dillalansa, bai bi sawu ba, abin da ya isa Afirka ta Kudu kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi kansa bai daɗe yana cin moriyar tashen ba, don a shekarun nan aka zargi Weavers da kwaminisanci, gidajen rediyo suka juya musu baya, Decca ta sallame su. Suka sake haɗuwa a zauren Carnegie a 1955, aka ɗauki wasan a faifai, da Wimoweh a ciki.

Daga wannan faifai waɗansu samari na Brooklyn, masu suna Tokens, suka koye ta. A 1961 suka kai ta kamfanin RCA, ɗaya daga cikin manyan Amurka. Masu shirya musu faifai, Hugo Peretti da Luigi Creatore, suka ga waƙar ba ta da kalmomin da Ba'amurke zai kama, suka kirawo wani gwanin rubuta waƙa, George David Weiss. Weiss ya ɗauko ɗan karin nan da Linda ya zubo a ƙarshe, ya maido shi gaba ya mai da shi gindin waƙar, ya ɗora masa 'yan layukan Turanci. Aka sa mata suna The Lion Sleeps Tonight. Su samarin ba su ma so ta fito ba, a bayan faifai aka sa ta, amma kafin shekarar ta ƙare ita ce ta ɗaya a duk Amurka. Aikin Weiss aiki ne na gwani, ba mai musun wannan. Ya san inda zinariyar ta ke cikin dutsen. Sai dai a wurin sunan masu waƙa aka rubuta Weiss, da Peretti, da Creatore. Da dillalan Wimoweh suka yi ƙorafi, aka shirya da su, aka ƙara suna na huɗu, Albert Stanton, wanda shi ma na aro ne. Waƙa ɗaya ta ɗauki sunayen mutum biyu da ba a taɓa haifa ba, ta rasa wurin sa sunan wanda ya haife ta.

A lokacin nan Linda na kwance. Tun 1959 ya faɗi a kan dandamali yana cikin waƙa, likita ya ce ciwon ƙoda ne. Ya rasu a 1962, sa'ad da zakinsa ke zaga duniya cikin harsuna iri iri. Abin da aka tarar a ajiyarsa ta banki bai kai dala 30 ba. Matarsa ba ta sami abin sa masa dutsen kabari ba sai bayan shekara 18.

Waƙar ba ta tsufa ba. A 1982 wata ƙungiya mai suna Tight Fit ta kai ta matsayi na ɗaya a Ingila. Da wa'adin rajistarta a Amurka ya zo sabuntawa, dillalai suka tuna da iyalin Linda, gama ana bukatar sa hannunsu: a 1983 matarsa ta sallama nata haƙƙin a kan dala ɗaya, bayan rasuwarta kuma 'ya'yansa mata suka yi haka nan a 1992, su ma a kan dala ɗaya. Tsakanin nan Weiss da kamfanin Richmond suka yi rigima a kan wa zai riƙe The Lion Sleeps Tonight, aka kai gaban masu sulhu. Abin dariya, ko abin kuka, a wannan zama ne aka fi ambaton sunan Linda, don kowane ɓangare na jawo shi ya kafa hujja a kan abokin gabarsa. Weiss ya ci, waƙar ta koma kamfanin Abilene, aka ce a riƙa ba iyalin wani ɗan kaso. Shi Weiss ɗin nan a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar kare haƙƙin marubuta waƙa ta Amurka. A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar a fim ɗinsa The Lion King, a 1997 kuma ta shiga wasan dandamali da aka yi da shi, kuɗi suka yi ta zuba kamar ruwan Agusta. 'Ya'yan Linda na zaune a Soweto cikin ƙaramin gida, ɗaya daga cikinsu ta rasu da ciwon da magani zai iya sassautawa da akwai abin saye.

Wanda ya tone zancen wani marubuci ne Bature ɗan Afirka ta Kudu, Rian Malan. Ya bi takardu daga Johannesburg har New York, ya buga dogon labari a mujallar Rolling Stone a shekarar 2000, inda ya ƙiyasta cewa waƙar ta jawo la'ada wajen dala miliyan 15. Bayan shekara biyu François Verster ya yi fim a kan al'amarin. Kunya ta kama mutane da yawa, amma kunya ba ta ɗaure kowa a ɗakin shari'a. Takardu uku ne a ƙasa, na 1952 da 1983 da 1992, kowace da sa hannu.

Sai wani lauya masanin haƙƙin mallaka, Owen Dean, ya tuno da wata tsohuwar doka. A 1911 majalisar Ingila ta kafa dokar haƙƙin mawallafa don daularta duka, Afirka ta Kudu kuma ta ɗauke ta cikin tata dokar ta 1916. A ciki akwai wani sharaɗi da lauyoyi kan kira da sunan Charles Dickens, marubucin nan na Ingila. Sharaɗin ya ce, in mawallafi ya sayar da haƙƙinsa yana da rai, cinikin ba zai wuce shekara 25 bayan mutuwarsa ba, daga nan haƙƙin ya koma ga mai kula da gadonsa. Waɗanda suka tsara shi sun san mawallafi kan sayar da arha sa'ad da yunwa ta matsa shi, suka so marayunsa su sami abin kamawa. Linda ya sa hannu a 1952, dokar na aiki. Ya rasu a 1962. Saboda haka tun 1987 Mbube ta koma cikin gadonsa. Takardun da matarsa da 'ya'yansa suka sa wa hannu ba su kawar da wannan ba, gama haƙƙin a hannun mai kula da gado doka ta sa shi. Dokar da masu mulkin mallaka suka kawo don 'ya'yan marubutan Landan, ita ce ta zo ta tsaya wa 'ya'yan mai shirya kwali.

Aka sake buɗe gadon Linda, aka naɗa mai kula da shi, aka shigar da ƙara a babban ɗakin shari'a na Pretoria a 2004, ana neman rand miliyan 10. Amma wa za a kama? Abilene ba ta da ko tsinke a Afirka ta Kudu, alƙalin ƙasar kuwa ba shi da iko a kan baƙon da ba shi da dukiya a ƙasarsa. Disney ke da dukiya, watau alamun kasuwancinta fiye da 200 da ta yi wa rajista a can. Dean ya roƙi alƙali ya riƙe su jingina har a gama shari'a, alƙali ya yarda, jaridun duniya suka yi ta buga cewa an tsare Mickey Mouse a Afirka ta Kudu. Disney ta ce ita da izni ta sa waƙar, daga Abilene ta saya, ta nemi a sake mata alamunta, alƙali ya ƙi. Kuɗin shari'ar kuwa, da fari kamfanin Gallo ne ya ɗauka, daga baya ya janye, ma'aikatar al'adu ta gwamnati ta karɓa. A watan Fabrairu na 2006, ana saura kwanaki kaɗan a zauna, Abilene ta nemi sulhu. Ta biya kuɗin baya waɗanda ba a bayyana yawansu ba, ta yarda da kason gaba daga duk duniya, ta kuma yarda a rubuta sunan Solomon Linda cikin waɗanda suka ƙagi The Lion Sleeps Tonight. Shekara 67 ke nan daga ranar da ya tsaya gaban na'ura.

Waɗansu mawaƙa sun sami hanyar da Linda bai samu ba. Ray Charles, da ya koma kamfanin ABC-Paramount a 1959, ya sa sharaɗin cewa fayafayansa na asali za su zama nasa. Prince ya yi shekaru yana faɗa da Warner, a 1993 ya yar da sunansa, ya riƙa fitowa da kalmar bawa a rubuce a kumatunsa, bai karɓi fayafayansa ba sai 2014. Amma waɗannan sun yi jayayya ne bayan sun yi ƙarfi, suna da lauyoyi, kuma akwai wani kamfanin da ke jiransu a ƙofa in wannan ya ƙi. Ƙaramin mawaƙi mai zaman kansa, wanda bai san ko waƙarsa za ta yi kasuwa ba, kullum a ranar da ya fi kowa rauni a ke miƙa masa alƙalami. Yau kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da mafi yawan cinikin waƙa a duniya, kuma RCA da Decca duk sun shige cikin biyu daga cikinsu.

Sulhun 2006 ma yana da wa'adi. A dokar Afirka ta Kudu haƙƙin mawallafi kan ƙare shekara 50 bayan mutuwarsa, na Linda ya cika a 2012, yarjejeniyar kuwa an ja ta zuwa ƙarshen 2017. A 2019 Disney ta fito da sabon The Lion King, da waƙar a ciki, fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan dubu ɗaya da ɗari shida, sa'an nan yarjejeniyar ta riga ta ƙare da shekara ɗaya da rabi. A 2020 mawaƙiyar nan Beyoncé ta yi nata fim, Black Is King, wanda shi ma Disney ta fitar. Da aka zo wurin zaki, sai ta sa faifan 1939, da ƙarar allurarsa da rugugin mutum uku, da siririyar muryar Linda a bisansu.